Waɗanda Indo Ta Zaɓa Su Yi Mata Wanka

Shekaruna saba'in da huɗu a bana, kuma shekara takwas ke nan da Allah ya karɓi ran aminiyata Hajiya A'ishatu, wadda mutanen Damagaram mazauna ƙasar Faransa suka sani da Indo. Rubutu a jarida ba al'adata ba ce. Ni 'yar kasuwa ce, kuma a gidan da aka haife ni ba a san mace da fitar da maganar ɗaki zuwa bakin titi ba. Da abin ya tsaya a kaina ni kaɗai, da na ci gaba da kame bakina har ranar da zan tarar da ita.

Amma a watan jiya wata baiwar Allah ta rasu a Lyon, aka nemi mai wankan gawa. Zaliha, wadda ta daɗe tana yi wa matanmu na can wannan hidima don Allah, ta ɗauki jakarta ta tafi kamar yadda ta saba. Dangin mamaciyar suka tare ta da ladabi, suka ce sun gode, sun riga sun sami wata. Alhali ba su sami kowa ba. Kafin ta kai bakin titi sai aka faɗa, da murya daidai yadda za ta ji, cewa ai tana cikin waɗanda suka kulle kansu da gawar Indo, suka sa Kirista gadin ƙofa, suka hana dangi shiga, kuma har yau ba wanda ya san abin da suka aikata a ciki. Zaliha ta buga mini waya tana kuka irin na yarinya, alhali kuwa mace ce mai jikoki. Saboda mutuncinta nake wannan rubutu.

Ni da Indo unguwarmu ɗaya a Birni, cikin tsohon garin Damagaram, kuma na girme ta da kaɗan, shi ya sa har ta bar duniya Yaya Tasalla take ce mini. Ni na zauna a Paris, na buɗe shagon atamfa da turare a unguwar Goutte d'Or. Ita kuwa ta biyo mijinta da ya zo karatu jami'ar da ke Bron, a gefen birnin Lyon, ya gama ya sami aiki, ya rasu ya bar ta a can. Allah bai ba ta haihuwa ba. Takalma da jakunkunan fata take sarowa daga Sifaniya, kuma a wurin ciniki da masu masana'antu ta koyi harshensu, har ta fi ƙwarewa a cikinsa a kan Faransanci. Danginta a ƙasar nan ƙanenta ne kaɗai, Alhaji Sani, da ke zaune a Montreuil, a gefen Paris, da matarsa Hajiya Bilki.

Cikin shekarunta na ƙarshe ne Indo ta tsiri wani abu da ban gane kansa ba. Ran Lahadi bayan azahar sai ta tara mata a falonta, ta dafa shayi, ta soya ƙosai, ta kunna musu fim na masu magana da Sifaniyanci. Maƙwabciyarta ce ke kawo finafinan, wata tsohuwa mai suna Pilar, wadda iyayenta suka yi ƙaura daga Sifaniya tana ƙarama. Indo ta matsa mini sai na riƙa zuwa. Na ce mata ni ba yarinya ba ce da zan rufe shago, in hau jirgin ƙasa tun daga Paris, domin kallon mutanen da ba na jin abin da suke faɗa. Ta ce ita za ta fassara. Na je, domin ban taɓa ƙin kiranta ba, amma na je da idona a buɗe.

Abu na farko da ya sa ni zargi shi ne babu fim ɗaya a cikinsu da ba a mutu ba. Ga finafinan raha cike da duniya, amma kullum sai mai gawa. A wani, matan wani ƙauye sun zauna da gawar maƙwabciyarsu a ɗaki, suna feraye dankali don masu zuwa gaisuwa, suna musu a kan wace riga ta fi dacewa a sa mata, ɗaya ma har tana yi wa mamaciyar faɗa don ta tafi ba ta mayar mata da tukunyarta ba. A wani kuma, na ƙasar Meksiko, mata suna karɓa-karɓa wajen jinyar wata tsohuwa, sun haɗa baki sun ɓoye wa ɗanta tsananin ciwon domin ita ta roƙe su. Mazan cikin waɗannan finafinai ko dai suna waje suna shan taba, ko sun iso bayan an gama komai. Mata ne ke ɗaga gawa, su ne ke share ɗaki, su ne ke yanke shawarar abin da za a faɗa wa duniya da abin da za a binne tare da mai shi.

Ba zan ce sun burge ni ba. Ban ga dalilin shan giya a gidan makoki ba, ban kuwa yarda da hira da matattu kamar suna ji ba, balle kai musu abinci kabari. Mu an koya mana mu yi wa mamaci sutura da gaggawa, mu yi masa addu'a, mu bar shi da Ubangijinsa. Sai dai duk ƙin da na yi musu, na lura da abu guda: matan nan ba sa gudun gawa, kuma ba sa tona asirin junansu.

Abu na biyu ya fi na farko damuna. Indo ba ta kallon fim ɗin. Kujerarta a gefen akwatin tele take, ta ba shi rabin baya, tana fassara mana da ka, idonta kuwa yana kanmu, yana bin fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya. Na yi zaton Pilar ce ke neman janye ta daga addini a hankali, ta hanyar sa ta saba da al'adunsu. Na sa wa tsohuwar nan ido sosai. Na duba wuyanta ko da gicciye, na saurari abin da take raɗa wa Indo a madafi. Ban kama ta da komai ba sai yawan sukari a shayi, amma hakan bai kwantar mini da hankali ba, domin na san masu wayo ba sa bari a kama su da wuri.

Wata Lahadi Hajiya Bilki ta biyo ni muka je tare. Da aka zo wurin da ake sauya wa wata mamaciya tufafi a fim, sai Bilki ta tafa hannu.

"Kai, ku dubi ƙafafun nan! Wallahi sak na Hajiyar nan ta Montreuil, ranar da na je duba ta a asibiti. Sun kumbura kamar turmi, ga fatar duk ta..."

Ta faɗi sunan matar, ta kwatanta jikinta tun daga sama har ƙasa, mata suna "ayya" suna ƙara matsowa. Matar nan kuwa tana raye a lokacin. Zaliha ce kaɗai ta tashi ta kwashe kofuna ta shige madafi. Indo kuwa ta ƙara wa Bilki shayi, har da tura mata farantin ƙosai.

Da mata suka watse na ƙi tafiya. Na zaunar da ita.

"Indo, ki gaya mini tsakaninki da Allah. Tsohuwar nan coci take son kai ki?"

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Haba Yaya Tasalla! Pilar rabonta da coci tun auren 'yarta. In akwai mai jan wani a cikinmu, ni ce. Na riga na koya mata cin tuwo da hannu."

"To don me kike ba tele baya kina ƙare mana kallo?"

"Finafinan duk na gan su. Ku ne ban gama gani ba."

A nan ta gaya mini abin da ta daɗe tana ɓoyewa. Ciwo ne a jikinta mai cin rai, likitoci sun yi mata aiki ba sau ɗaya ba, a lokutan da muke zaton ta tafi saro kaya, kuma sun riga sun gaya mata cewa iyakar ƙoƙarinsu ke nan. Ta ce mutuwa ba ta tsorata ta, abin da ke hana ta sukuni shi ne wankan. A Damagaram, in ji ta, kowace unguwa ta san tsofaffinta masu wanka, an gwada su shekara da shekaru, an san bakinsu a rufe yake. A nan kuwa ba ta da 'ya, ba ta da uwa, kuma in ka tambayi mace ko tana iya riƙe asiri, kowa cewa za ta yi tana iyawa. Shi ya sa ta nemi hanyar da za ta ajiye gawa a gaban mata ba tare da kowa ya mutu ba, ta ga wadda za ta rufe ido don tsoro, da wadda za ta buɗe baki, da wadda za ta kalla da natsuwa ta yi shiru. Wuƙar likita ta bar alamu a jikinta, kuma ba ta so a zauna ana lissafa su a gidan suna.

Na ce mata wannan dabara ce irin ta mutanen da suka daɗe suna ciniki, kuma ban ji daɗin cewa ni ma an sa ni a ma'auni ba. Ta ce ni tun muna yara ta gama auna ni, kirana take yi don in taya ta kallon sauran. Har yau ban tabbata ko gaskiya ta faɗa mini a wannan ba, ko kuwa lallashi ne.

Ta zaɓe ni in yi wankan, Zaliha ta zuba mini ruwa. Pilar kuwa, tun da ba Musulma ba ce, ba ta da hurumin shiga, sai aka ba ta bakin ƙofa. Na yi gardama a kan wannan matuƙa. Indo ta ce duk wata Bahaushiya da za a sa a ƙofar nan, in Bilki ta zo ta ce ita matar ƙanen mamaciya ce, kunya za ta sa ta matsa mata. Pilar ce kaɗai ba ta san wannan kunyar ba.

Haka kuwa aka yi. Ranar da ta cika, na taho daga Paris da garin magarya da kafur daga shagona, da likkafanin da ita da kanta ta sa na yanka. A ƙasar nan ba a wanka a gida, akwai ɗakin da aka keɓe don haka a wurin ajiye gawa, mai teburin ƙarfe da hasken da ya fi ƙarfin ido. Muka shiga da hantsi ni da Zaliha, muka rufe. Muka lulluɓe ta da zane, muka yi mata alwala, muka fara da dama kamar yadda malamai suka koyar, muka warware kitsonta muka wanke, muka raba gashin uku. Zaliha tana zuba mini ruwa a natse. Muna tsakiyar aiki muka ji muryar Bilki a waje, da Hausa da Faransanci, tana cewa a buɗe mata, ita ce dangi. Muka ji Pilar tana amsa mata da kalma ɗaya tak, tana maimaitawa ba tare da ɗaga murya ba: a'a, madam. Daga baya aka gaya mini cewa ta jawo kujera ta zauna a jikin ƙofar, ta ɗora jakarta a cinya, kamar mai jiran mota.

Abin da muka gani a ƙarƙashin zanen nan jikin mace ne da ta sha jinya, ba wani abu ba. Bayan wannan ba zan ƙara ko harafi ɗaya ba, ko a jarida ko a gaban alƙali. An yi mata salla, maza suka kai ta sashen Musulmi na maƙabarta, mu muka koma falonta muka karɓi gaisuwa.

Tun ba a yi sadakar bakwai ba magana ta fara yawo. Aka ce finafinan nan wata ƙungiya ce ta asiri. Aka ce an shafa mata man coci. Aka ce akwai abin da muka cire daga jikinta. Kowace shekara maganar takan kwanta ta sake tashi da sabon reshe, kuma duk lokacin da na bi sawunta a hankali, daga bakin wannan zuwa bakin waccan, sai in ga ta kai ni layin jirgin da ke zuwa Montreuil. Ni ba a iya faɗa mini a fuska, domin an san ni. Zaliha ce mai sanyin hali, ita aka samu.

Sau da yawa ina zaune a shago nakan tambayi kaina me Indo za ta ce da ta ga zamanin nan. Yanzu mace tana kwance a gadon asibiti, ba ta san inda kanta yake ba, sai wata ta zo duba ta, ta ɗaga waya ta ɗauke ta hoto babu ko ɗankwali, ta watsa a zaurukan mata da sunan neman addu'a. Kafin la'asar an gan ta a Maraɗi, an gan ta a Kano. Na ga an ɗauki zaman makoki a waya ana nuna wa na gida kai tsaye, ana zagayawa da ita fuska fuska don a ga wanda ya yi kuka da wanda bai yi ba. Duk mai yin haka cewa take zumunci ne. Ni dai ban yarda ba, kuma na san Indo ba za ta yarda ba. Ina jin da tana nan, ba Pilar ɗaya za ta sa a ƙofa ba, har da mai karɓe wayoyi. 'Yan matanmu masu digiri kuwa, waɗanda ke iya yi maka bayanin finafinan nan da Faransanci mai kyau, su gaya maka ma'anar kowane launi a cikinsu, in aka ce ga gawar uwar ɗakinsu a zo a kama zane, sai ka ga kowace ta tuna tana da aiki. Ban ce duka ba. Akwai biyu a Bron da Zaliha ta fara koya wa wanka, kuma su ma yanzu iyayensu sun fara ja da su saboda wannan magana. In aka kashe wa Zaliha gwiwa, ban san wanda zai wanke matanmu na Lyon ba, sai dai baƙi masu safar hannu da ba su san sunan kowa ba.

Abin da ya rage na Indo ba shi da yawa a ido. Shagonta ya zama wurin gyaran waya. Falonta wasu ɗalibai ne a ciki. Amma ta bar mana sanin cewa sutura ba likkafani kaɗai ba ce, kuma mace tana da ikon zaɓen idon da zai gan ta a ranar da ba za ta iya jan zane da kanta ba. Ta koyi rabin wannan a Birni, rabin kuma, ko na so ko na ƙi, a wurin waɗancan mata masu feraye dankali a gefen gawa.

Saura magana ɗaya. Masu zargi suna cewa mu muka ƙirƙiri wasiyyar nan bayan ta mutu, domin ba wanda ya ji ta daga bakinta sai mu da muka amfana da rufe ƙofa. Shekara takwas ina riƙe da amsar wannan, ina jiran wanda ya fi ni cancantar faɗa ya faɗa, domin ban so in shiga tsakanin mutum da iyalinsa ba. Na aika masa a asirce ba sau ɗaya ba. Bayan abin da ya sami Zaliha na sake aikawa, aka ce mini yana Makka, alhali an gan shi a masallacin Juma'a.

Indo ba ta bar wannan al'amari a tsakanin mata kaɗai ba. Ana saura 'yan makonni ta rasu, wata ranar Lahadi da ba a kunna fim ba, ta kira ƙanenta shi kaɗai daga Montreuil. Ya zauna a kan kujerar nan ta gefen tele, hularsa a gwiwa. Ta faɗa masa sunayen masu wanka, ta faɗa masa wadda za ta zauna a ƙofa, ta kuma faɗa masa wadda ba ta yarda ta shiga ba, da dalilinta.

Sai ya ce, "Yaya Indo, matata ce fa. Me zan ce mata?"

"Ka ce mata ni na ce. In ta yi fushi, ta yi da ni, ni ba na nan balle ta dame ni. Amma kada ka bar yaran mutane su ɗauki laifina. Ka ji ko, Sani?"

"Na ji, Yaya."

"Ka yarda?"

"Na yarda. Allah ya shaida."

Bai gaya mata ba. Ranar wankan ma yana tsaye a farfajiya yana jin muryar matarsa a bakin ƙofa, bai taka ya je ba. Ko tsoro ne ya riƙe shi, ko kuwa ya ga ya fi masa sauƙi gidansa ya zauna lafiya a kan mutuncin wata, wannan shi da Allah suka sani, ni zato kawai nake da shi.

Duk mai shakka a kan abin da na rubuta, ga waɗanda ke cikin falon a ranar. Akwai ni, Tasalla. Akwai Zaliha, wadda ke tsaye a ƙofar madafi da butar shayi, kuma ba ta taɓa buɗe baki ta kare kanta da wannan ba. Akwai Pilar, tana nan da ranta a gidan tsofaffi a Lyon, ƙafa ta ƙi amma hankalinta garau, kuma Indo ta fassara mata kowace kalma a gabanmu. Na huɗu shi ne Alhaji Sani, ƙanen mamaciya, mijin Hajiya Bilki. Kowa ya san masallacin da yake salla. A je a tambaye shi.